Fiziks da Lissafin Kwamfuta: Ma'anarsa, Hanyoyinsa da Darasin Anka da Bukkuyum

A watan Maris na 2010, ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, wato MSF, suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum da ke yammacin Jihar Zamfara. Bincike ya gano cewa gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma daka shi da niƙa shi a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 ne suka rasu. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, binciken gida-gida ya nuna cewa kusan ɗaya cikin kowane yaro huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu a cikin shekara guda.

Masu aikin ceto sun fuskanci tambayoyi na adadi. Dalma nawa ce a ƙasar wannan gida? Wace unguwa za a fara kwashe wa ƙasa? Idan an ba yaro magani aka mayar da shi gida, yaya jininsa zai kasance bayan wata uku? Irin waɗannan tambayoyi akwai fannin ilimi da ke koyar da yadda ake amsa su, shi ne fiziks ta hanyar lissafin kwamfuta.

Ma'anar fannin

Fiziks ilimi ne da ke bayyana dokokin motsi, zafi, haske, lantarki, maganaɗisu da ƙwayoyin halitta, yana kuma rubuta dokokin da harshen lissafi. Matsalar ita ce, kaɗan ne daga cikin waɗannan lissafe-lissafe ake iya warwarewa da alƙalami a sami amsa cif-cif. Faɗowar dutse daga saman bene ɗalibin sakandare zai lissafa ta. Gudun ruwan kogi a ƙasa mai tudu da kwari, ko yawon ƙura a cikin iska, babu wata dabarar alƙalami da ke fitar da amsarsu kai tsaye.

Abin da masana ke yi shi ne su gutsuttsura babbar tambaya zuwa ƙananan matakai na tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa, su maimaita su sau dubbai ko miliyoyi har a kusanci amsa. Waɗannan dabaru su ake kira hanyoyin lissafin adadi, kwamfuta kuwa ita ce mai ɗaukar nauyin maimaitawar. Amsar da ke fitowa ƙiyasi ce, kuma rabin ilimin shi ne sanin girman kuskuren da ke cikinta.

Asalinsa

Tunanin warware matsala mataki bayan mataki ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, aka samo kalmar algoridim, wadda ke nufin jerin matakan da in an bi su za a kai ga amsa. Ƙasar Hausa ma tana da nata rabon. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin hisabi daga Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake tsara hatimi mai gidaje mara, irin wanda kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Ƙa'idojin da ya shimfiɗa na inda za a ajiye kowace lamba bayan 'yar'uwarta, algoridim ne sak.

Kafin zuwan na'ura, wahalar tana wajen yawan aikin. Wani masani ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya gwada hasashen yanayi na awa shida da hannu, aikin ya ci masa makonni, amsar kuma ta fito a karkace. A littafinsa na 1922 ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a iya cim ma yanayin duniya. A 1950 na'urar ENIAC ta Amurka ta yi hasashen yanayi na kwana guda, cikin kusan kwana guda na aiki. Na'urar tana yin tarawa kimanin 5,000 a daƙiƙa. Wayar da ke aljihun ɗan kasuwa a yau tana yin biliyoyi.

Hanyar taku-taku da jinin yaro

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, ya bayyana a 1768. Duk mai riƙe littafin shago ya san ta ko da bai san sunanta ba: abin da ya kwana, a haɗa da abin da ya shigo, a cire abin da ya fita, a sami abin da zai kwana yau.

Likitoci suna ƙiyasta cewa dalmar da ke jinin babban mutum tana raguwa da rabi a cikin kimanin wata guda idan wata ba ta ƙara shiga ba. A lissafe, wannan daidai yake da saurin raguwa na kashi 2.31 cikin ɗari a kowace rana. A ɗauka an fara da 100. Idan aka bi kwana-kwana, ana cire kashi 2.31 cikin ɗari na abin da ya rage, bayan kwana 30 za a sami 49.6, alhali amsar gaskiya 50 ce. Idan aka yi ganda aka ɗauki taku na kwana goma-goma, sai a sami 45.5. Idan kuwa aka tsallake wata gaba ɗaya a taku guda, sai a sami 30.7, wanda ya yi nisa da gaskiya. Darasin farko ke nan ga mai koyo: ƙaramin taku yana rage kuskure amma yana ƙara aiki. Domin sasanta wannan ne Jamusawa biyu, Carl Runge a 1895 da Wilhelm Kutta a 1901, suka fito da hanyar da ke leƙa tsakiyar kowane taku kafin ta kammala shi, har yau kuma ita ce aka fi amfani da ita.

Yanzu a ƙara abu ɗaya a misalin. A ce mutumin ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba, kullum yana haɗiyar ƙurar da ke ƙara 2 a kan abin da ke jininsa. Lissafin zai nuna cewa adadin zai sauka kaɗan daga 100 sannan ya tsaya cik a wajen 87, inda abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita. Ko magani ya sauko da shi ƙasa, da an daina shan maganin zai sake hawa zuwa wurin. A ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, daga 45 zuwa sama ake duba yiwuwar ba yaro maganin fitar da dalma. Wannan ɗan lissafi, wanda zai shiga shafi guda na Excel, yana bayyana dalilin da ya sa a Zamfara aka dage sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauye kafin a fara yi wa yaransa magani. Shi ya sa jinkirin sakin kuɗin tsabtace Bagega, wanda bai kankama ba sai a 2013, ya zama jinkirin magani ga yaran garin.

Jikin mutum ya fi wannan misali sarƙaƙiya. Dalma tana taruwa a ƙashi na tsawon shekaru tana komowa cikin jini a hankali, don haka a yaran da suka daɗe suna shaƙarta raguwar takan ɗauki lokaci mai tsawo. Masana sukan raba jiki gida-gida, jini daban, ƙashi daban, hanta da ƙoda daban, kowane gida da littafin shiga da fitarsa. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana da irin wannan manhaja mai suna IEUBK tun 1994, wadda ke ƙiyasta dalmar jinin yara daga wadda ke cikin ƙasa, ƙura, ruwa, iska da abinci.

Auna ƙasa da cike gurbi

Masu tsabtace ƙauyukan, ciki har da kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith tare da ma'aikatan Jihar Zamfara, sun yi amfani da na'urar hannu mai suna XRF. Na'urar tana harba hasken eksire a ƙasa, kowane sinadari kuma yana mayar da haske mai ƙarfi na musamman da ake gane shi da shi, ƙa'idar da Henry Moseley ya tabbatar a 1913. A wasu wurare an sami dalma sama da 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta gindaya wa filin wasan yara a lokacin 400 ce.

Lambar da ke fitowa a fuskar na'urar ma lissafi ce ta haife ta. Ɗaya daga cikin alamomin dalma tana faɗawa kusan wuri ɗaya da ta sinadarin asenik, sai an duba alama ta biyu an daidaita zanen da ya fi dacewa da bayanan kafin a raba su. Dabarar daidaita zane da ma'aunai masu ɗan kuskure, Legendre ne ya wallafa ta a 1805, Gauss kuma a 1809. Akwai wata ƙa'ida da mai riƙe na'urar ya kamata ya sani: in yana son rage kuskuren ƙirge da rabi, sai ya ninka lokacin awo sau huɗu.

Ba a iya auna kowane taku na gari. Ana auna wasu wurare, a ƙiyasta na tsakaninsu. Shahararriyar hanyar yin haka daga ramin zinare ta fito. Danie Krige, injiniyan ma'adinai a Afirka ta Kudu, ya nuna a 1951 yadda za a ƙiyasta yawan zinare a dutse daga samfura kaɗan, ana ba na kusa nauyi fiye da na nesa. Hanyar tana ba da taswira biyu: ɗaya ta ƙiyasi, ɗaya ta inda ƙiyasin ke da rauni. Ta biyun ce ke nuna wa ma'aikaci inda zai koma ya sake awo.

Hanyar ƙuri'a

A zana da'ira a cikin murabba'i ta yadda za ta taɓa gefe huɗu, a watsa ƙwayoyin gero a kai ba tare da zaɓe ba. Kimanin 78 ko 79 cikin kowane 100 za su faɗa cikin da'irar. A ninka wannan rabo sau huɗu, sai a sami kusan 3.14, lambar da ake lissafin da'ira da ita. Wannan ita ce hanyar Monte Carlo, wadda Stanislaw Ulam da John von Neumann suka haɓaka a Amurka a shekarun 1940. Tana da tsada: kafin a ƙara ingancin amsa sau goma, sai an ƙara yawan gwaji sau ɗari.

A Zariya hanyar ta yi aiki na zahiri. Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin tukunyar nukiliya na bincike mai suna NIRR-1, wanda ya fara aiki a 2004. A 2018 aka sauya masa makamashi daga yuraniyom mai ƙarfi zuwa mai rauni. Irin wannan sauyi ba a gwada shi da ka. Shekaru kafin a taɓa tukunyar, an bi sawun miliyoyin ƙwayoyin niyutiron a cikin kwamfuta, kowace da hanyar da ƙuri'a ta ba ta, har aka tabbatar da yadda sabon makamashin zai yi aiki.

Ruwa da abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Idan abin da ake nazari yana sauyawa daga wuri zuwa wuri, sai a yanka filin gida-gida kamar dara, a lissafa abin da ke ƙetarawa daga kowane gida zuwa maƙwabtansa. Da wannan ake hasashen ambaliya, irin wadda ta afka wa Gummi a damunar 2024: a ba kwamfuta tsayin ƙasa, yawan ruwan sama da faɗin kogi, ta nuna unguwar da ruwa zai fara shiga. Da shi ake bin tafiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa bisa dokar da Henry Darcy ya kafa a 1856, don a san ko gurɓataccen kududdufin wankin zinare zai kai ga rijiyar gari. Manhajar MODFLOW, wadda hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar a 1984, kyauta ake samunta. A nan akwai tarko: idan takun lokaci ya yi wa girman gidajen yawa, lambobin sukan haukace su yi ta hauhawa ba iyaka, ko da kuwa ba a yi kuskure ko ɗaya a rubutun manhajar ba.

Yankin Anka yana kan wani zirin tsofaffin duwatsu da aka sani da zinare. A shekarun 2000 Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya ta sa an auna maganaɗisun ƙasar nan daga jirgin sama, ɗalibai da yawa kuma suna rubuta kundin digirinsu da waɗannan bayanai. Ana tace su ne da dabarar Fourier mai sauri, wadda Cooley da Tukey suka wallafa a 1965. Ya kamata mai shirin zuba jari ya san cewa zinare ba ya jan maganaɗisu. Abin da taswirar ke nunawa shi ne tsagogi da iyakokin duwatsu inda zinare kan taru. Ƙari ga haka, ƙaramin dutse a kusa da babban dutse a zurfi suna iya ba da alama iri ɗaya a sama. Sai an haƙa rami an kai samfur ɗakin gwaji ake tabbatarwa, don haka taswira mai launi ita kaɗai ba hujjar sayen fili ba ce.

Kayan aikin mai koyo

Harsunan da aka fi aiki da su uku ne. Fortran, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957, har yau shi ke ɗauke da manyan manhajojin yanayi. C da ƙaninsa C++ ana zaɓarsu don sauri. Python, wanda ya fito a 1991, shi ne ƙofar shiga ga yawancin ɗalibai, tare da NumPy na sarrafa jerin lambobi, SciPy na shiryayyun hanyoyin lissafi da Matplotlib na zane. Tsarin Linux shi ke tafiyar da manyan kwamfutocin bincike na duniya. GNU Octave yana maye gurbin MATLAB mai tsada a yawancin aikin aji, QGIS yana zana taswira, Git kuma yana adana tarihin kowane gyara da aka yi. Ban da MATLAB, duk waɗannan ana samunsu ba da ko kwabo ba. Tsohuwar kwamfutar cinya ta isa shekarar farko, kuma Python yana aiki a wayar Android ta manhajoji irin su Termux, ko babu intanet bayan an sauke su.

Tsarin koyo da ya fi amfani shi ne a fara da lissafin kansa, musamman kalkulas da aljabara ta jadawali. Sannan a rubuta hanyar Euler da hannu a gwada ta a kan tambayar da aka riga aka san amsarta, kamar misalin dalma na sama. Daga nan a rage takun da rabi a ga ko amsar ta sauya. Sai bayan haka a koma ga shiryayyun manhajoji. Wanda ya fara da danna maɓalli bai san abin da ke ciki ba, ranar da na'ura ta ba shi amsar banza ba zai gane ba.

Inda kuskure ke shiga

Kwamfuta tana ajiye lambobi a gurbi mai iyaka. Idan aka ce wa Python ya tara 0.1 da 0.2, zai ba da 0.30000000000000004. Irin wannan ɗigon kuskure yana taruwa. A ranar 25 ga Fabrairu 1991, a Dhahran ta Saudiyya, agogon wata na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ya kauce da kimanin sulusin daƙiƙa bayan awa 100 tana aiki, ta kasa tare makami mai linzami, sojojin Amurka 28 suka mutu. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda ɓangare ɗaya ya yi lissafi da ma'aunin Amurka, ɗayan kuma da na mita.

Kuskure mafi girma yakan fito ne daga bayanan da aka shigar da kuma zaton da aka gina lissafin a kai. Manhajar da aka tsara bisa rayuwar yaron Amurka ba ta san gidan ƙasa ba, ba ta san ana shanya hatsi a tsakar gida ba, ba ta san turmi ɗaya zai iya daka dutse da safe ya daka gero da yamma ba. Ma'aikacin gwamnati da aka kawo wa rahoto mai ɗauke da sakamakon kwamfuta yana da haƙƙin yin tambaya uku: daga ina bayanan suka fito, an gwada lissafin da awo na gaske, kuma nawa ne girman kuskurensa?

Inda ake koyo

Ɗan Zugu ko Anka ko Gummi da ke sha'awar fannin zai sami sashen fiziks a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Domin babban digiri akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja. A waje, Cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda masanin Pakistan Abdus Salam ya kafa a 1964, tana ba ɗalibai daga ƙasashe masu tasowa guraben karatu da horo. Wanda ya ƙware yana da wurin aiki a hukumomin yanayi, ruwa, ma'adinai da muhalli, har da bankuna da kamfanonin sadarwa.

An tsabtace ƙauyuka takwas a Zamfara tsakanin 2010 da 2013, amma a 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a Jihar Neja. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta kuma ɗage haramcin a watan Disamban 2024. A 2022 MSF ta miƙa wa hukumomin jihar aikin kula da masu gubar dalma. Dutsen yana nan da dalmarsa, zinare kuma bai rasa masu nema ba. Awon ƙasar gidaje, bin sawun ruwan rijiyoyi da karanta sakamakon jinin yara yanzu nauyi ne da ya rataya a wuyan ma'aikatun jihar da ƙananan hukumominta, kuma suna buƙatar 'yan ƙasa da suka iya wannan lissafi.